Ruwan Birni Ina Yake Zuwa? Sharhi Daga Yammacin Gulbin Maraɗi

 Gaisuwa ga iyayenmu da ke zaune bisa tabarma da rediyo a gefe, da masu garka da suka jingina tasu a gindin mangwaro, da ƴan'uwanmu na cikin birnin Maraɗi da ke jin mu a shago ko a tasha. Yau maganar ruwa za mu yi. Daga nan Sarkin Yamma, yamma da gulbi, za mu dubi birni mu tambaye shi: ruwan saman da ke sauka bisa rufinka da titunanka, ina yake zuwa, kuma wa yake tararwa a hanya?

Duk ɗan Maraɗi ya ji labarin shekarar 1945 a bakin kakanninsa. A waccan damina gulbi ya cika ya batse, ya shiga tsohon gari da ke zaune cikin fadama, ya narkar da gidajen ƙasa. Bayan haka ne Turawan Faransa suka hau da garin bisa tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu, unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Limanci suka samu sabon mazauni. Wajen 1950 mutanen garin ba su kai 10,000 ba. A ƙidayar 1977 sun kusa 45,000, a ta 1988 sun haura 110,000, a ta 2012 kuwa an samu sama da 267,000. Yau sai abin da ya ƙaru. Wanda ya san inda unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo suka tsaya shekaru 20 da suka wuce, in ya je yanzu sai ya nemi ɗan jagora. Gonakin gero sun zama fegi, fegi sun zama gidaje, tudun da aka hau don a tsere wa ruwa ya cika, an fara gangarowa inda ruwan ya kori kakanni.

Gulbin nan kuwa ba na Maraɗi kaɗai ba ne, ko da yake sunanta yake ɗauke da shi. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, can ana ce masa Gada. Ya ratsa Jibiya ya shigo Nijar, ya bi ta Madarunfa da Safo, ya wuce tsakaninmu da Maraɗi, ya nufi Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima, daga nan sai Sakkwato, sai kogin Kwara. Ƴan watannin damina kawai yake gudu. Sauran shekara yashi ne fari fat, ana bin sa da amalanke. Amma a ƙarƙashin yashin nan akwai ruwa kwance, kuma shi ne ran fadama: shi rijiyoyin garka ke sha, shi ke raya zogale da tumatir da albasa da rani, shi ke sa mangwaron fadama ya yi shar a watan Afirilu lokacin da jigawa ta ƙone.

To, mu dubi yadda ruwan sama ke yi idan ya sauka a gona. Ganyen ƙalgo da na sabara su ne ke fara tarbar sa, su karya masa ƙarfi. Ya iske karan bara da ciyawa, ya tsaya. Yashin jigawa ya tsotse shi. Wani kaso shuka ta sha ta mayar sama ta ganyenta, wani rana ta ɗauke, wani kuma ya gangara a hankali ya taru a tafki ko a kwari. Masana ruwa da suka daɗe suna aune-aune a ƙasashen Sahel sun tabbatar da wani abu mai muhimmanci a nan: yawancin ruwan da ke kaiwa can ƙasa ya cika rijiyoyinmu, ta gindin tafkuna da kwaruruka da cikin gulbi yake nutsewa, wato wuraren da ruwa ke samun damar kwanciya kwana da kwanaki. Tafkin da muke gani kamar matattarar sauro, ta nan rijiya ke samun abincinta.

Yanzu a shafe gonar nan, a aza kwano, a malala siminti a tsakar gida, a zuba kwalta a titi, sauran filin kuma ƙafa da babur su daddaɓe shi ya yi tauri. Lissafin ba shi da wuya. Milimita 1 na ruwan sama bisa murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Maraɗi na samun wajen milimita 500 a damina mai matsakaicin kyau. Ke nan rufin kwano mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10 yana zubar da lita 50,000 a shekara, bido 2,000 na lita 25. Gida ɗaya fa. Da can ƙasa ce ke karɓar mafi yawansa. Yanzu indararo ne ke watsa shi waje, ya haɗu da na maƙwabci, ya bi titi, ya tarar da kanibo, wato magudanar ruwa, cike da leda da yashi, ya tsallake ya nemi gangare. Ruwan da a da sai ya kwana bai isa fadama ba, yanzu kafin a idar da sallah ya iso, kuma da fushi yake isowa.

Mun ga haka a ƙarshen watan Agustan 2024, ranar da aka auna wajen milimita 150 a Maraɗi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, aka rasa rayuka aƙalla 15. Allah Ya jiƙansu da rahama. Milimita 150 bisa hekta 1 lita miliyan 1.5 ne. A lissafa hekta nawa birnin ya rufe da kwano da siminti. A waccan damina ta 2024 kusan mutum 400 suka rasu sanadin ambaliya a faɗin Nijar, sama da miliyan 1.5 suka tagayyara, kuma jiharmu na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Za a ce ai ruwan ne ya yi yawa, kuma gaskiya ne. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadarurruka masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Wannan ba magajin gari ne ya kawo shi ba, ba kuma mai fegi ba. Amma sanin haka ne ya kamata ya ƙara mana tsoron toshe hanyar ruwa. Sama ta ƙara ƙarfi, mu kuma muna rage wa ƙasa wurin sha.

Duk wanda ya bi ta gindin tudun Maraɗi da safe bayan an kwana ana ruwa, ya san abin da nake faɗa. Kwazazzabo ya ƙara baki, katangar wani ta rataya a gefensa, tushen gidan a fili. A ƙasa kuwa, inda kwazazzabon ya buɗe cikin fadama, jan yashi ne shimfiɗe bisa baƙar ƙasar da ake noman masara da dawa, kaurinsa wani wuri ya kai gwiwa. Baƙar leda ta maƙale a kowace ƙaya, ga silifa ƙafa ɗaya, ga gwangwani, ga tsumma. Mai gonar na tsaye da hauya a kafaɗa, ya rasa ta inda zai fara. Laka ce arzikin fadama, ita gulbi ke kawowa ya shimfiɗa a hankali idan ya yi ambaliya ta lafiya. Yashin kwazazzabo kuwa binne ta yake yi. Kuma ruwan ba shi kaɗai yake tafe ba. Ya wanko bola, ya wanko masai da suka cika, da baƙin man garejoji, da abin da marina da majema da mahauta suka zubar. Mutanen Tsibiri da Gidan Rumji da ke ƙasa da birni su suka fi kowa karɓar wannan kaya, amma duk abin da ya nutse cikin yashin gulbi ya shiga ruwan da kowa ke ja.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Ruwan ƙarƙashin fadama ƙwaryar fura ɗaya ce, ludayi ne da yawa. Birni na da nasa ludayin, kuma kullum girma yake: foraj, wato rijiyar burtsatse, na kamfanin ruwa, na masu sayar da ruwan leda, na manyan gidaje da kowa ke haƙa nasa. Jiratawa na da nata, inda tun farkon shekarun 1980 ake ban ruwa a fili mai sama da hekta 500 da ruwan da ake jawowa daga ƙasa. Mu ma muna da namu, domin injin ban ruwa ya maye gurbin guga a yawancin garake. Kowa na ɗiba, ga kuma hanyoyin da ƙwaryar ke cika ta cikinsu ana toshewa.

Ku tambayi masu garka. Ƙaramin injin nan na fetur ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, haka Allah Ya tsara iska da ruwa. Shi ya sa idan ruwa ya ja baya sai ka ga mutum ya haƙa rami a gefen rijiya, ya yi masa matakala, ya sauka da injin a kafaɗa ya ajiye shi can ƙasa don ya kusanci ruwan. Baɗi ya ƙara zurfin ramin. Hayaƙi na turnuƙe shi a ciki, gefen ramin na zubowa, kuɗin mai na ƙaruwa, kuɗin buhun zogale kuwa bai ƙaru ba. Mai hali ya sa a haƙa masa foraj mai zurfi da faranti mai aiki da hasken rana. Marar hali ya bar garkar ya shiga birni neman aikin lebura, ya je ya kwaɓa simintin da zai ƙara rufe ƙasa.

Kada kuma a ɗauka cewa zurfafawa kullum mafita ce. Mutanen Tsibiri sun ɗanɗana. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 sun sha ruwan wani foraj mai zurfi da sinadarin fulor ya yi wa yawa, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙasusuwa da haƙora masu tsatsa. Can kudu kuma, wajen Ɗan Isa da bakin iyaka, dutse ne kusa da fuskar ƙasa, ruwan da ke ƙarƙashi kaɗan ne. Ruwan fadama mai kusa, mai daɗi, wanda damina ke sabuntawa kowace shekara, shi ne abin da talaka ke iya kaiwa gare shi, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa.

Amma ƴan'uwana na Sarkin Yamma, in za mu faɗi gaskiya mu faɗe ta duka. Birni ba ya gina kansa da iska. Yashin bulo daga ina? Da rani manyan motoci da amalanke ke shiga tsakiyar gulbi, matasanmu ne ke riƙe da shebur suna lodi. Kowace mota da ta fita ta tafi da wani yanki na abin da ke riƙe ruwa. Gulbin ya ƙara zurfi, gaɓarsa ta zube, ruwan garkar da ke gefe ya tsiyaye ya bi ramin. Itacen girkin birni daga ina? Shekara da shekaru dajin Baban Rafi ne ke hura murhun Maraɗi, kuma kowa ya ga yadda gonaki da gatari suka ci gefensa. Ƙasar da aka tuɓe wa itace takan yi ɓawo, ruwa ya bi ta kai ya wuce. Tun shekarun 1980 masu bincike suka lura da wannan abin mamaki a Sahel: ruwan sama ya ragu a lokacin fari, amma ruwan da ke malala a kwaruruka ya ƙaru, saboda ƙasa ta daina riƙewa. Abin da kwalta ke yi a birni, shi gatari ke yi a daji.

Sai kuma sayar da gona. Ba na zargin magidancin da rashin lafiya ko aurar da ɗiya ya tilasta wa sayarwa, kowa ya san halin da ake ciki. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake yanka fegi ba a tambayi ruwa ba. Mai awo ya zo da rani, ƙasa a bushe, ya ja igiya ya kafa duwatsu a miƙe, har cikin kwarin da kowane yaro a ƙauyen ya san ruwa na bi. Mai saye baƙo ne, bai taɓa ganin wurin da damina ba. Ya cike kwarin da bola da ɓaraguzai ya yi gini. Ranar da ruwa ya zo bai tarar da hanyarsa ba, sai ya shiga ɗakin maƙwabci. Kano ta riga mu shiga wannan hali: kududdufan da suka daɗe suna karɓar ruwan birnin an cike da yawansu an yi shaguna da gidaje, yanzu kowace damina sai an ji kukan unguwanni. Birnin Maraɗi bai tsallako gulbi da ƙarfinsa ba tukuna, amma dillalan fili sun riga shi tsallakowa. Ga kuma layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021. Duk ranar da jirgi ya fara shigowa, kuɗin fili zai tashi, gini zai ƙaru. Alheri ne, muna maraba da shi. Sai dai ya tarar da mu mun riga mun shata wa ruwa wurinsa.

Akwai kuma abin da ke faruwa sama da mu. Madatsar ruwan Jibiya, da aka gama a 1989, tana iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 142. Tsofaffin manoman fadama za su gaya maka cewa tun daga lokacin cikar gulbi ta canza, ambaliyar da ke kwantawa bisa gonaki ta bar laka da danshi ta ragu. A 1990 kuwa Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai, kuma Gada da Gulbin Maraɗi na cikin waɗanda aka ambata da suna. A watan Yulin 2018 kuma, da ambaliya ta afka wa garin Jibiya cikin dare ta kashe sama da mutum 40, wasu gawarwakin a cikin Nijar aka tsinto su. Wanda ya ga wannan ba ya bukatar a yi masa dogon bayani cewa Bakatsinen Jibiya da na Maraɗi ruwa ɗaya ya haɗa su, ko iyaka na buɗe ko tana rufe.

Ni dai ban ɗauki birni abokin gaba ba. Can muke kai zogale da tumatir, can asibiti yake, can ƴaƴanmu ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Girman Maraɗi girmanmu ne. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a riƙa shawarar ruwan birni a cikin birni kaɗai, kamar dai idan kanibo ya kai ruwa bakin gangare an gama aiki. Kanibon da ya kwashe ruwa daga wata unguwa ya juye shi da ƙarfi a gonar talaka bai magance komai ba, ya dai sauya wa matsalar mai ita. Ruwa so yake a rage masa gudu tun daga sama: a bar masa filayen da zai kwanta, a yi masa shingen duwatsu cikin kwazazzabai, a shimfiɗa fabe, wato tubalin titi, mai barin ruwa ya nutse a inda ba dole sai kwalta ba, kowane babban gini kuma, makaranta ko masallaci ko ma'aikata, ya tara ruwan rufinsa. Bido 2,000 daga rufi ɗaya ba abin zubarwa ba ne a garin da mata ke bin layin famfo da asuba. Dokoki ma akwai su: dokar ruwa ta 2010 tana nan, dokar hana ledar nan marar kauri ta 2014 tana nan. Aiki da su ne ya rage.

Kuma jiharmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Maraɗi aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da hamada a 1984. A gonakin jihar nan sassaben zamani ya fara tun 1983, manomi ya bar kututturen da ke toho ya gyara shi ya zama itace, har aka wayi gari ana maganar hekta miliyan 5 da suka sake yin kore a Nijar, mutane na zuwa daga wasu ƙasashe su koya. Ba da kuɗi mai yawa aka yi shi ba, da wuƙa da haƙuri da yardar jama'a aka yi. Kowane gawo da aka bari a gonar Sarkin Yamma yana rage gudun ruwan da zai faɗa gulbi, yana ƙara wanda zai sauka rijiya. Tafkin Madarunfa ma, da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, ya kawo yau ne saboda mutane sun girmama wurin. Ƙananan tafkunanmu da ba su da suna a takarda su ma suna bukatar mai tsaya musu.

Don haka ina kira ga iyayenmu sarakuna da masu gari, Allah Ya ja zamaninku, da shugabannin ƙananan hukumomin Sarkin Yamma da Safo da Jiratawa da Tsibiri da na birnin Maraɗi: ku zauna wuri ɗaya kan maganar gulbin nan, a sa masu garka da mata masu ɗibar ruwa a zaman, a gayyato malaman jami'a su auna zurfin rijiyoyi kowace shekara a riƙa faɗa wa jama'a a rediyo. A keɓe wuraren ɗibar yashi nesa da garake da gadoji. Kowane ƙauye kuma, a cikin damina, dattawa su fita da matasa washegarin babban ruwa, su bi sawunsa, su kafa alama a duk inda ya bi da inda ya kwanta, a rubuta a kai wa mai gari da magajin gari. Wurin da aka sa wa alama kada a sa hannu a takardar sayar da shi don gini, ko nawa aka taya.

Kai kuma ɗan'uwa mai niyyar sayen fegi, ka yi haƙuri har watan Agusta, ka je ka ga wurin da idonka bayan an yi ruwa, sannan ka biya.